Forest Watcher: Amfaninta da Iyakarta ga Masu Aikin Sa-kai na Tsaron Daji

Forest Watcher manhaja ce ta wayar hannu da cibiyar World Resources Institute ta Amurka ta fitar a shekarar 2017 ƙarƙashin shirinta na sa ido kan dazuzzukan duniya mai suna Global Forest Watch, bayan an gwada ta tare da cibiyar Jane Goodall a ƙasar Yuganda. An yi ta ne domin malaman daji da masu aikin sa-kai da ke sintiri a wuraren da babu sabis, kyauta ake sauke ta, kuma tana aiki a wayoyin Android da iPhone. Hukuncina a kanta shi ne kayan aiki ce mai nagarta wadda ta cancanci ƙungiyoyin kare daji su mallake ta, sai dai an ƙera idonta ne domin kurmi mai duhu, saboda haka wanda zai yi aiki da ita a dajin Arewa ya kamata ya san abin da za ta gani da abin da zai wuce ta.

Yadda take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Mutum zai buɗe asusu, ya zana iyakar yankin da yake kula da shi a kan taswira, sannan ya sauke taswirar da gargaɗin wuraren da tauraron ɗan'adam ya hango an yi sara ko wuta ta tashi, tun yana gari inda akwai intanet. Idan ya shiga daji, wayar za ta riƙa nuna masa hanya zuwa wurin ko da babu sabis, kuma idan ya isa zai ɗauki hoto, ya amsa tambayoyin rahoto, manhajar ta adana komai tare da ainihin wurin da ranar, har zuwa lokacin da zai dawo ya tura. Shugaban ƙungiya yana iya tsara tambayoyin yadda suka dace da aikinsu, ya raba wa mambobi wuraren da za su duba, ya kuma tattara rahotanninsu a kwamfuta.

Wannan ɓangare na rahoto shi ne na fi yabawa. Duk wanda ya san yadda ƙorafin sare itatuwa ke ƙarewa a gaban dagaci ko a ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ya san cewa yawanci magana ce ta baki da baki, wannan ya ce an sare, wancan ya ce tsohon sara ne ko kuma ba cikin gandu ba ne. Hoto mai ɗauke da wuri da kwanan wata yana rage wannan gardama ƙwarai. Akwai ma shaida daga waje cewa irin wannan tsari yana tasiri: wani bincike da aka wallafa a shekarar 2021 kan ƙauyukan 'yan asalin yankin Amazon na ƙasar Peru ya nuna cewa inda aka horar da masu sintiri aka ba su gargaɗin tauraron ɗan'adam a waya, asarar daji ta ragu da kashi 52 cikin ɗari a shekarar farko, da kashi 21 a ta biyu, idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a ba su ba.

Matsalar tana wajen gargaɗin sara. Babban tushensa shi ne tsarin da Jami'ar Maryland ta samar daga hotunan tauraron Landsat, wanda kowane ɗigo a cikinsu yake wakiltar fili mai mita 30 a tsawo da faɗi, kuma abin da ake lissafawa a matsayin itace shi ne tsiron da ya haura mita 5. Akwai kuma tsarin Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan mai amfani da na'urar rada, wanda ke ratsa gajimare ya ga fili mai mita 10, amma dazuzzuka masu yawan ruwan sama kaɗai ya shafa. A kurmin Kuros Riba, inda rassa suka haɗe suka rufe ƙasa, idan aka share gona sai gurbin ya fito fili a hoto. Dajin Falgore ko na Kamuku kuwa itatuwansa a warwatse suke, suna kaɗe ganye da rani, kuma ɓarnar da ake yi musu ta ɗaiɗai ce: yau mai gawayi ya kayar da kaɗanya biyu, gobe mai itacen girki ya sassare marke. Haka aka yi ta zaɓen madobiya ana sarewa a jihar Taraba domin kasuwar Sin, har aka sanya itacen cikin waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga shekarar 2017. Irin wannan sara na tsince yakan wuce ba tare da gargaɗi ya fito ba, kuma haɗarin shi ne ƙungiya ta ga taswira babu tabo ta ɗauka daji lafiya yake.

Girman wannan gibi ya bayyana a wani bincike na shekarar 2020 da aka wallafa a mujallar Nature, inda aka yi amfani da hotuna masu kaifi sosai aka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma, wurin da taswirorin daji na duniya suke nunawa kusan fayau. Haka nan gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka raya daga kututture a gonakinsu, a fili da aka kiyasta ya kai hekta miliyan 5, ba irin abin da manhajar ke bibiya ba ne, domin asara take nema, ba ƙaruwa ba.

Gargaɗin gobara ya fi dacewa da yanayinmu. Yana zuwa ne daga na'urar VIIRS da ke kan tauraron ɗan'adam, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke rarraba bayananta, ana sabunta shi kullum, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe mafarauta ke cinna wa daji wuta, yana iya nuna wa masu sintiri inda za su fara. Sai dai ba ya bambance gobarar daji da manomin da ke ƙona karan gonarsa, don haka sai an haɗa da sanin ƙasa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma na gaske. Babu Hausa a cikin harsunan manhajar, ko da yake akwai Turanci da Faransanci, kuma shugaban ƙungiya yana iya rubuta tambayoyin rahoto da Hausa. Sauke taswira yana cin data, bin hanya da waya a kunne tsawon yini yana cinye caji, kuma da damina gajimare yakan jinkirta gargaɗin Landsat har makonni.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne tsaro. Manhajar za ta nuna ɗigo a tsakiyar dajin Rugu ko na Birnin Gwari ta zana hanyar zuwa, ba tare da ta san wanda ke zaune a wurin ba. Bai kamata mai aikin sa-kai ya bi gargaɗi shi kaɗai ba, kuma bai kamata ya tunkari masu sara ba; aikinsa ya tsaya ga gani da rubutawa, a yankin da malaman daji da masu unguwanni suka tabbatar ana iya shiga.

Ga ƙungiyar da ke aiki a gandun dajin Gashaka-Gumti na Taraba da Adamawa ko kurmin kudu, ina ba da shawarar a yi amfani da dukkan sassan manhajar. Ga masu kula da gandun ƙauye, ko shingen itatuwan tare hamada a Jigawa da Yobe da Katsina, a ɗauke ta a matsayin littafin rahoto mai taswira da kuma mai sanar da gobara, a ci gaba da tsara ranakun sintiri kamar yadda aka saba ko gargaɗin sara ya fito ko bai fito ba.