Darbejiya, zogale, gawo ko turare: wane dashe za ka saya?

Dashen bishiya a cikin leda ɗan tsiro ne da bai wuce kamu biyu ba, kuma a wannan girman da yawansu kama suke da juna. Mai saye yakan dogara da bakin mai lambu, sai bayan shekara uku ko huɗu ya gane abin da ya raina ba shi ya nema ba. Shi ya sa nake matsa wa duk mai niyyar saye ya tambayi sunan kimiyya na Latin, wanda ake rubutawa a jikin dashen ko a takardar iri. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari a 1753: kalmar farko ta dangi ce, ta biyu kuma ita ke nuna ainihin nau'in.

Idan inuwa kake so a ƙofar gida, darbejiya ce kan gaba. Sunanta Azadirachta indica, asalinta yankin Indiya, tana jure fari, kuma ba ta cika tsayawa tsirara ba ko da rani ya yi tsanani. A cikin 'ya'yanta akwai sinadarin azadiraktin da ke hana ƙwari cin amfanin gona. To amma a nan ne aka fi yin kitso da kwarkwata, domin tana da 'yar'uwa, Melia azedarach, wadda ake kira kurnar nasara, kuma 'ya'yan wannan guba ne ga mutum da dabba. Gidan da ke da yara ko awaki bai kamata ya yi wasa da wannan bambanci ba. Dubi ganyen da kyau: na darbejiya jere yake a kan kara guda kamar gashin tsuntsu, na kurnar nasara kuwa karan ya sake rarrabuwa zuwa ƙananan rassa. Furen darbejiya fari ne, na ɗayar yana da launin shuɗi-shuɗi mai ratsin ja. In iri za ka saya maimakon dashe, nemi sabon ɗauka, don irin darbejiya yana mutuwa cikin 'yan makonni.

Zogale kuma na mai gaggawa ne. Moringa oleifera yakan haura mita 3 a shekarar farko, ganyensa na gina jiki, garin ƙwayarsa kuma yana kwantar da laka a ruwa mai duhu. Sai dai kada ka sa ran inuwa daga gare shi, itacensa ma laushi gare shi, iska mai ƙarfi tana karya shi. A sare kansa tun yana kusan mita 1 domin ya yi rassa, kuma a kiyaye shi daga wurin da ruwa ke kwanciya, saiwarsa ruɓewa take yi. Akwai wani nau'in, Moringa stenopetala, daga kudancin Habasha da arewacin Kenya, mai faɗin ganye, wanda ya fi jinkirin girma amma ya fi zama babbar bishiya.

Ga mai gona, ni dai gawo nake zaɓa, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Faidherbia albida ne sunansa, ko da yake tsofaffin takardu suna rubuta Acacia albida, bishiya ɗaya ce. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar. Ke nan ba ya tare wa shuka rana a lokacin da take buƙata, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Dabbobi su samu 'ya'yansa a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuɗinsa haƙuri ne, don shekarun farko a ƙarƙashin ƙasa yake aikinsa, yana zura doguwar saiwa neman ruwa. Yana da ƙaya, saboda haka ba bishiyar tsakar gida ba ce.

Turare, wato Eucalyptus camaldulensis, daga Ostireliya ya fito, kuma danginsa sun haura nau'i 700, don haka kalmar farko kaɗai ba ta isa shaida ba. Yana ba da dogayen sanduna miƙaƙƙu, a sare ya sake tohowa. Amma yana shan ruwa sosai, shuka ba ta jin daɗi a gefensa, kuma yakan yar da manyan rassa ba zato. A ware masa fili nasa, nesa da rijiya da gini.

Ko wanne ka tsayar, ɗaga ledar ka leƙa ƙasanta kafin ka biya. Idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, ajiye shi ka ɗauki ƙaramin da ke kusa da shi. Wannan ya fi muhimmanci ga gawo, wanda in saiwarsa ta lanƙwashe a leda da wuya ya yi kyakkyawan girma bayan an dasa.