LCI(G) ko LCS(L): Wanne Ya Fi Kare Sojoji a Bakin Teku a 1945?

Dukansu jiragen ruwan yaƙin Amurka ne na Yaƙin Duniya na Biyu, masu tsawon kusan mita 48, da injinan dizal 8 masu juya farfela biyu. Ƙasansu a shafe yake, shi ya sa suke matsowa dab da gaɓa.

LCI(G) asalinsa jirgin ɗaukar sojoji ne, aka ɗora masa bindigogin milimita 40 da 20 da rokoki. An same shi da wuri, amma jikinsa ba kauri. Ranar 17 ga Fabrairu 1945 a tsibirin Iwo Jima na Japan, guda 12 suka shiga kare masu ninƙaya da ke binciken gaɓa. Japanawa suka zaci mamayar tsibirin ce ta fara, suka buɗe musu wuta da manyan bindigogi. Dukansu sun sha harbi, lamba 474 ya nutse.

LCS(L) kuwa tun daga farko don faɗa aka ƙera shi. An yi guda 130, kowanne da ma'aikata kusan 70. Yana da tagwayen bindigogin milimita 40 masu na'urar saiti, ga famfunan kashe gobara, abin da ya ba shi fifiko a tsibirin Okinawa na Japan. Can aka riƙa tura shi rakiyar jiragen sintirin rada, masu hango jiragen saman abokan gaba daga nesa: ya harbi jiragen saman ƙunar baƙin wake, ya kashe wuta, ya tsamo mutane daga ruwa. Rauninsa rashin sauri ne, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba, manyan jiragen da yake rakiya sukan bar shi a baya.