Sharhi kan bututun ɗebo laka ƙirar Panteka

Na'urar da wannan sharhi ya shafa bututu ne na ɗebo laka daga ƙasan tafki, wanda wani shagon walda a kasuwar Panteka ta Kaduna ya ƙera mana bisa zanen da muka kai masa, domin koyar da ɗaliban labarin ƙasa yadda masana ke gano yanayin da yankunan ƙanƙara suka yi a zamanin da. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa bututun ya cancanci kuɗinsa a matsayin kayan koyarwa, amma wanda yake fatan ya rubuta kundin digiri a kan tsohon yanayi da shi kaɗai zai ɓata lokacinsa.

Kafin a auna na'urar, dole ne a san aikin da take kwaikwaya. A yankin Aktik da ke ƙurewar arewacin duniya da nahiyar Antatika da ke ƙurewar kudu, ma'aunin zafi bai daɗe da zuwa ba, saboda haka masana suke neman shaida a wasu wurare. Ƙanƙarar Girinlan tana ajiye da tarihin shekaru kusan 130,000, wadda aka haƙo a tsakiyar Antatika kuma ta haura shekaru 800,000, sai dai mafi yawan doron ƙasar Siberiya da Alaska da arewacin Kanada ba su da irin wannan tulin ƙanƙara. Abin da suke da shi shi ne dubban tafkuna, kuma kowace shekara ƙura da garin furen tsirrai da gawarwakin ƙananan halittu suna sauka su kwanta a ƙasan ruwa, sabo a kan tsoho. Garin fure yana nuna irin itatuwan da suka kewaye tafkin. Ɓawon ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom yana nuna tsawon lokacin da tafkin yake buɗe babu ƙanƙara a kansa. Akwai kuma wasu ƙwari masu kama da sauro da ba sa cizo, waɗanda ɓawon kan tsutsarsu ba ya ruɓewa, kuma tun da kowane jinsi yana da zafin da yake iya rayuwa a cikinsa, ƙirga su yana ba da ƙiyasin zafin bazarar wancan zamani. Duk wannan ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya, wato a fito da lakar ba tare da jerinta ya hargitse ba.

Wannan sharaɗi ne na auna bututun Panteka da shi. Ƙirarsa ba ta da wuya: bututun roba mai tsawon mita ɗaya da faɗin kimanin santimita 6, da kan ƙarfe mai bawul, da zobban ƙarfe masu ba shi nauyi, da maƙalar igiya. Idan ana saukar da shi, bawul ɗin a buɗe yake, ruwa yana ratsawa; idan ya nutse cikin laka aka fara janyo shi, sai bawul ɗin ya rufe, ƙarfin tsotso ya riƙe lakar a ciki. Waldar kan tana da tsabta, zobban suna cirewa ɗaya bayan ɗaya ta yadda mutum zai rage nauyi a laka mai laushi ya ƙara a mai tauri, kuma wannan dabara ta mai shagon ce, ba ta cikin zanenmu. Ya ba da shawarar a narka dalmar tsohon batir a yi nauyin da ita domin ta fi araha, muka ƙi, domin dalma na cikin abubuwan da ake aunawa a laka, kuma bai kamata na'urar da kanta ta zama tushen gurɓata samfur ba. Bai yi gardama ba, ko da yake a fuskarsa ana ganin yana ɗaukar mu masu ɓarnar kuɗi ne.

Mun gwada shi a madatsar ruwa ta Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi, a cikin kwalekwalen masunta, da sassafe kafin iska ta tashi. A inda lakar take da laushi, bututun ya yi abin da ake nema: ya fito da laka mai tsawon kusan rabin mita, ruwan da ke samanta garau, wanda shi ne alamar cewa saman lakar bai tashi ba. Wannan sashe na sama shi ne mafi wuyar kamawa, domin ya fi kama da ruwa fiye da ƙasa, kuma shi ne ke ɗauke da shekarun baya-bayan nan waɗanda ake iya gwada su da bayanan ma'aikatan hasashen yanayi. Manyan na'urori ma sukan ɓata shi, shi ya sa masu aiki a Aktik suke ɗaukar ƙaramin bututu irin wannan tare da babba.

Matsalar farko tana bawul ne. An yanko murfinsa daga tsohon tiyub na mota, kuma da zarar ƙwayar yashi ta shiga tsakaninsa da ƙarfen, iska takan shiga, lakar ta zube kafin ta iso hannu. Wanda zai sa a ƙera masa ya dage a kan roba mai laushi da zoben toshiya na gaskiya, ya kuma tanadi toshiyar da zai cusa a bakin bututun tun yana cikin ruwa. Matsala ta biyu ita ce bututun farko da aka sa mana irin na masu aikin famfo ne, wanda ba a ganin abin da ke ciki. Sai da muka nemo mai haske kamar gilashi, wanda ya fi tsada kuma ba a cika samunsa a kasuwa ba, sannan ɗalibai suka iya ganin inda launin lakar ya sauya daga baƙi zuwa ja. Haka kuma ba a haɗa mana da abin turo lakar daga ƙasa ba, alhali ana buƙatar a riƙa turo ta santimita ɗaya-ɗaya ana yankawa kamar yadda mai shago ke yanka sabulun sanda, kowane yanki a ledarsa da lambarsa. Kafinta ne ya yi mana shi daga baya. A wurin da ƙasan yashi ne ko tsakuwa kuwa, bututun ba ya shiga ko kaɗan.

Akwai iyakar da ba laifin maƙerin ba ce. Bututun da nauyinsa kaɗai ke nutsar da shi ba ya wuce mita ɗaya, kuma gogayyar laka da jikinsa takan sa abin da ya fito ya gaza zurfin da aka shiga. Domin magance haka ne masanin tafkuna Daniel Livingstone ya fito da bututu mai fistin, wato toshiyar da ke zamewa a cikin bututun, a 1955, wanda ake shiga da shi mita bayan mita a rami ɗaya. Can sama da wannan kuma akwai aikin tafkin Elgigitgin a yankin Cukotka na arewa maso gabashin Rasha, ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekaru miliyan 3.6 da suka wuce, wanda tulin ƙanƙara mai tafiya bai taɓa share lakarsa ba. A 2009 masana daga Rasha da Jamus da Amurka da Ostiriya suka kafa injin haƙa a kan ƙanƙarar tafkin, bayan sun ƙara mata kauri ta hanyar zuba ruwa yana daskarewa, suka ratsa laka mai zurfin mita 318. Sakamakon ya nuna cewa tsakanin shekaru miliyan 3.6 da 3.4 da suka wuce, bazarar yankin ta fi ta yau zafi da kimanin digiri 8, daji ne a inda yanzu ba a ganin itace, kuma iskar kabon a sararin samaniya tana wajen kashi 400 cikin miliyan, adadin da duniya ta riga ta wuce a yau. Masu aiki a can suna da wata fa'ida da ba mu da ita, domin ƙanƙara dandamali ce da ba ta motsi, mu kuwa kwalekwale yana kaɗawa, kuma bututun da ya shiga a karkace ya ɓata lissafi.

Babban abin da mai saye zai lura da shi, a ganina, ya wuce ƙarfe da roba. Lakar da ba a san shekarunta ba ba ta ba da labarin komai. Ana gano shekarun ne da sinadarai masu narkewa a hankali irin su kabon-14, wanda rabinsa ke narkewa cikin shekaru 5,730 kuma yake aiki har zuwa kimanin shekaru 50,000, ko da dalma-210 wadda rabinta ke narkewa cikin shekaru 22 domin ƙarni ɗaya da ɗan doriya, ko da siziyom-137 da gwaje-gwajen makaman nukiliya suka watsa a duniya, wanda ya kai ƙololuwa a 1963. A wasu tafkunan Aktik ma ana ƙirga shekarun da ido, domin kowace shekara tana barin layi mai haske na bazara da mai duhu na hunturu. Irin waɗannan bayanai ne suka taimaka wa masani Darrell Kaufman da abokan aikinsa a 2009 suka nuna cewa Aktik ya shafe kusan shekaru 2,000 yana sanyaya a hankali kafin abin ya juya a ƙarni na 20. Madatsar Kangimi kuwa a shekarun 1970 aka gina ta, saboda haka lakarta ta yi ƙuruciya ga kabon-14, kuma ta zo bayan alamar 1963. Ga zaizayar gonaki da ke tura ƙasa da yawa a damina ɗaya, ga tarwaɗa da ke tonon laka, ga janyewar ruwa da rani, duk suna hargitsa jerin lakar. Wanda yake son tsohon tarihi a Arewa sai ya nufi wurare irin dausayin Kajemarum a jihar Yobe, inda aka samu bayanan shekaru 5,500, ko tafkin Tila kusa da Biu, wanda lakarsa ta haura shekaru 10,000, kuma a can bututu mai fistin zai buƙata.

Ga makarantar da take son ɗalibanta su riƙe laka da hannunsu, su yanka ta, su busar da ita, su ƙona ta a digiri 550 domin auna yawan ruɓaɓɓen tsiron da ke ciki, ina ba da shawarar a sa a ƙera irinsa, bisa sharaɗin a je da zane mai ma'auni, a sayi bututu mai haske tun da farko, kuma a gwada bawul ɗin a cikin duro cike da ruwa a gaban mai shagon kafin a biya cikon kuɗi.