Jiƙaƙƙen Farantin Fenti: Abin Da Na Gani Bayan Na Fente Bataliya Da Shi

Duk wanda ke fentin ƙananan sojojin nan na wasan yaƙi a kan teburi ya san halin fentin akrilik. Da ruwa ake tsinka shi, kuma da zarar ruwan ya tashi, ya bushe ke nan, ba ya sake narkewa. Ka ɗiga shi a busasshen faranti, ka tsaya gyara bakin buroshi, kafin ka waiwayo ya fara yin fata. Wannan ne ya sa na sayi jiƙaƙƙen faranti, kuma na yi aiki da shi har na ga inda yake da amfani da inda ba shi da shi.

Abin ba wani mai wuyar sha'ani ba ne. Akwati ne na roba marar zurfi mai murfi, da soso a shimfiɗe a ƙasa, sai wata takarda ta musamman a kan soson. Za ka jiƙa soson ya ƙoshi, ka ɗora takardar, ka bi ta da yatsa ka kore iskar da ta maƙale. Laimar tana ratsowa ta takardar kaɗan-kaɗan tana maye gurbin ruwan da iska ke kwashewa daga fentin.

Masu sayarwa sun fi yawan cewa yana rage asarar fenti. Gaskiya ne, amma a wurina wannan ƙaramin amfani ne. Babban amfaninsa shi ne yana riƙe maka launin da ka haɗa da hannunka.

Na gwada shi a kan dakarun ƙasa na Birtaniya na yaƙin Waterloo na 1815, masu girman milimita 28. Jar riga, wando ruwan toka, fararen ɗamaru biyu da suka gitta a ƙirji, baƙar hula. Jan rigar ƙaramin soja a wancan zamanin ya ɗan dushe, ya karkata ga launin jan bulo, na hafsoshi kuwa ja ne jawur, domin rinin da ake musu ya fi tsada. Ina son wannan bambancin ya fito a kan teburi, don haka sai na garwaya ja da ɗan ruwan ƙasa. To, a nan gizo ke saƙar. In kana da sojoji 24 a jere, dole rigar na farko ta yi daidai da ta na ƙarshe. A busasshen faranti haɗin yakan mutu kana tsakiyar layi, ka sake haɗawa, launi ya fito daban, kuma da an jera su kafaɗa da kafaɗa ido zai kama. Da wannan farantin na haɗa sau ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshe, fentin yana nan da ransa.

Ya kuma gyara mini yadda nake tsinka fenti. Fenti mai kauri yana cike maɓallai da ninkin riga da mai sassaƙa ya sha wahala ya fitar, shi ya sa shafa biyu marasa kauri suka fi ɗaya mai kauri. A kan jiƙaƙƙiyar takarda kana iya jan fentin gefe, ka ƙara masa ruwa da bakin buroshi, ka ga kaurinsa da idonka kafin ya taɓa sojan. Nakan ɗiga ja mai duhu a hagu, mai haske a dama, in ja su su haɗu a tsakiya, sai in samu matakan launi a jere. Mai duhun ya shiga ƙarƙashin hammata da cikin ninki, na tsakiya ya rufe jikin rigar, mai hasken ya hau kafaɗa da gwiwar hannu. A fuska ma haka, inda duk faɗinta bai kai ƙwayar maɓallin riga ba: ɗan haske a karan hanci da kumatu da haɓa, sai ka ga mutum ya fito.

Akwai fentin da bai kamata ya hau wannan farantin ba. Irin mai ruwa-ruwa da ake zubawa ya gangara cikin ramuka ya yi inuwa, ba ya son ƙarin ruwa. Haka ma fentin da ake kira Contrast, wanda kamfanin Games Workshop ya fitar a 2019, an yi shi ne ya kwarara da kansa a kan farin fentin da aka fara shafa wa sojan, ya taru a lungu ya bar tudu da haske, don haka gara a ɗiba shi daga busasshen wuri. Fentin ƙarfe, na bayoneti da bakin bindiga, shi ma na ware shi, domin ƙyalƙyalinsa yakan rabu da ruwan ya bazu zuwa maƙwabtansa.

Wajen kayan filin daga kuwa, wato tuddai da katangu da rusassun gidaje, farantin kusan hutu yake yi. Yawancin aikin da busasshen buroshi ake yinsa: ka ɗibi fenti, ka goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ka share saman dutsen da sauri don gefuna kawai su ɗauki haske. Laima tana ɓata wannan. 

Abu biyu ne suka dame ni. In na rufe farantin ya kwana, fentin yakan sha ruwa fiye da kima, washegari in tarar launin ya tsinke ya rabu, sai na sake juya shi, wani lokaci ma ba ya dawowa yadda yake. Na biyu shi ne soson. In aka bar shi a rufe da ruwa kwanaki, yana fara wari, fumfuna ta biyo baya. Yanzu nakan wanke shi da sabulu, in matse, in shanya shi ya bushe sarai duk lokacin da zan ajiye aiki.

Wanda yake son ya gwada kafin ya saya, ya samu ƙaramar roba mai murfi, ya ninka takardar goge hannu ya jiƙa, ya ɗora takardar da ake shimfiɗawa a tiren gashi. Tana yin aikin. Abin da farantin da ake sayarwa ya fi ta da shi shi ne murfinsa yana kamawa gam, kuma takardarsa tana kwanciya lumui ba ta nannaɗewa a gefe. Mai fentin tankoki da tuddai kaɗai zai iya haƙura da shi. Amma wanda ke da runduna a gabansa mai kaki iri ɗaya, kuma yana haɗa launinsa da kansa, ina ba shi shawara ya saya tun kafin ya fara rigar soja na farko.