Butar ban ruwa ta yara mai lita 2: ta yi, amma da sauran magana

Buta ce ta roba, ƴar ƙarama, lita 2 aka rubuta a gindinta, tana da dogon hanci da wani kai mai huji-huji kamar na shawa wanda ake cirewa a mayar. Babu sunan kamfani a jikinta, irin kayan roban nan ne da ake zubewa a tsibi kowa ya zaɓi kalar da yake so. A Ƙofar Wambai na samo ta wajen masu kayan roba, kuɗinta kuma gaskiya ba wani abin tashin hankali ba ne, ban ma tsaya dogon ciniki ba. Dalilin sayen shi ne ina so ban ruwan shukokin gidan nan ya zama aikin yara, kamar yadda shara da wanke-wanke da zubar da bola suke da masu su.

Shukokin ma ba wasu na a zo a gani ba ne. Zogale ne guda biyu a bayan ɗaki, da lalle, da gwaba ɗaya da muka dasa tana ƴar ƙarama, sai na'a-na'a da tumatir da alayyafo a cikin tsofaffin bokitan fenti da buhunan siminti, tunda tsakar gidan duk an malale shi da siminti babu inda za ka tona. Yaran Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda suka buɗe ido suka ga ruwan Tiga na bin kwalbati yana shiga gonakin shinkafa da tumatir, ba sai an koya musu ban ruwa ba, a ciki suka tashi. Namu na cikin birni kuwa wani ma bai san tumatir a jikin shuka yake fitowa ba, shi dai a faranti yake ganinsa wajen mai kayan miya.

Abu na farko da ya sa na ce butar ta yi shi ne nauyi, kuma shi ne abin da yawancinmu ba ma lissafawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Kinga kenan manyan butocin ƙarfen nan da masu sayar da fulawa a bakin titi suke amfani da su, masu cin lita 10, in an cika su kilo 10 ne ban da nauyin ƙarfen, to ki miƙa wa yaro ɗan shekara 6 wannan ki ga yadda za a kwashe, rabin ruwan a jikin wandonsa zai ƙare rabi a ƙasa, gobe in kika kira shi ya ce cikinsa ke ciwo. Wannan kuwa kilo 2 ce, Auta da hannu ɗaya take ɗauka ta tallafe hancin da ɗaya hannun, har da waƙarta. Yaro in aiki ya fi ƙarfinsa ba ƙiwa ba ce in ya gudu, mu ne ke cewa ƙiwa.

Sai kan nan mai huji. Wallahi shi ne rabin kuɗin. Da can da butar alwala ake ban ruwan ko kofi da bokiti, ruwan ya fito da ƙarfi waje ɗaya ya haƙa rami a gindin shuka har saiwa ta fito fili, irin alayyafo kuma da kika yafa jiya ruwa ya kwashe shi ya tara a gefe guda, sai ki ga ya tsiro a cunkushe a lungu ɗaya sauran bokitin fayau. Da wannan kan ruwan yayyafi yake yi, ƙasa ta sha a hankali, ko yaron ya karkata ta da yawa ba ya ɓarna. In an zo kan gwaba ko zogale sai a cire kan a zuba a gindi kai tsaye. Tumatir ma na ce musu a cire, a gindi ake ba shi, dan ba ya son ganyensa ya riƙa kwana a jiƙe, nan da nan yake kama ciwo ganyen ya yi ɗigo-ɗigo.

Wani amfanin da ban sa rai da shi ba shi ne ta zama ma'auni. Mu a unguwarmu wajen ƴan garuwa muke sayen ruwa, jarka lita 25, kenan cikin butar 12 da rabi ke nan a jarka guda. Yaro in kika ce masa "je ka ba shuka ruwa" baki faɗa masa komai ba, zai iya zuba cokali ɗaya ya dawo wajen kallon katun, zai kuma iya juye miki jarka guda a bokiti ɗaya. Amma in kika ce gwaba buta biyu, kowane bokitin tumatir buta ɗaya, na'a-na'a rabi safe rabi yamma, to ya gane, kuma ke ma kin san abin da ke fita. Babban yayansu ma shi ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta adadin a jikin kowane bokiti, abin har ya koma musu lissafi, suna gardamar rabi da rabi nawa ne.

Amma fa buta ba ta koya wa yaro komai, wannan aikinmu ne, kuma a nan ne nake ganin iyaye da yawa muke sakaci, mu sayi kaya mu ajiye mu ce mun gama. Yara a tunaninsu ƙaunar shuka ita ce a cika ta da ruwa, alhali yawan ruwa ya fi saurin kashe shukar bokiti a kan ƙishi, saboda saiwa ma numfashi take yi, in ƙasa ta zama caɓi kullum iska ba ta shiga sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya lanƙwashe, yaro ya ga haka ya ce ƙishi take ji ya ƙara mata. Abin da na koya musu mai sauƙi ne, a tura yatsa a cikin ƙasar zuwa gaɓa ta farko, in an ji danshi a wuce, in an ji ta bushe a zuba. Zogale musamman ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ya fi jure fari a kan jiƙo. Na'a-na'a kuwa akasin haka, ki manta da ita yini biyu a bazara ki tarar ta kwanta. Tumatir shi kuma tsari yake so, in aka bar shi ya bushe ƙamas sannan aka malala masa ruwa lokaci guda ƴaƴan fashewa suke yi. Kuma kowane bokiti sai an huda gindinsa da ƙusa mai zafi, wannan kam babba ne zai yi ba yaro ba.

Lokaci ma sai an tsaya a kai. Mu da safe muka sa, bayan an yi asuba kafin a shirya makaranta, ko kuma da yamma in an taso daga islamiyya rana ta yi sanyi. A watan Afrilu nan Kano zafi yana haura digiri 40, ruwan da aka zuba da tsakar rana wani kasonsa kafin ya kai ga saiwa ya tashi, asarar kuɗin garuwa ce. Da hunturu mutane suna ruɗuwa da sanyi su rage ruwa sosai, alhali iskar busasshiya ce, tana tsotse bokiti da sauri. Damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba butar hutu take yi galibi, aikin yaran ya koma leƙawa ko ruwa ya taru a bokiti ko a farantin da ke ƙarƙashinsa su zubar, dan sauro daga ƙwai zuwa mai cizo sati ɗaya ne zuwa kwana 10, bai kamata garin neman alayyafo mu noma maleriya ba.

Yanzu ga inda butar ta ba ni haushi. Na farko hujojin sun yi ƙanƙanta, ruwan rijiya ko na garuwa kuma ba ya rasa ɗan yashi, ballantana mu da muke tara ruwan wankin shinkafa da na alwala a baho dan shukokin, sai ki ga kan ya toshe ruwa na fita ta huji uku yana feso wa yaron a fuska. Dole lokaci-lokaci a cire a bi shi da tsinken sakace ko allura, ko kuma a riƙa tace ruwan da tsohon rariya kafin a zuba. Na biyu kan ba murɗawa ake yi ba, tura shi kawai ake yi, da ya ɗan saki sai ya fita da kansa ana tsakiyar ban ruwa, ruwan ya kwarara gaba ɗaya a kan ƴan tsiron da ake lallaɓawa. Kuma abu ne ƙarami da ake cirewa a hannun yara, kin san sauran, mun taɓa nemo shi a cikin kwandon kayan wasa, mun taɓa nemo shi a akurkin kaji. Ƙarshenta zare na ɗaura masa na haɗa da mariƙin.

Bakin da ake zuba ruwan ma ya yi ƙunci kuma mariƙin ya gitta ta kansa, moɗa ba ta zuba ruwa a ciki sai da zubarwa, hannu kuma ba ya shiga balle a wanke, ga shi in ruwa ya kwana a ciki gansakuka take yi. Yashi da ruwa nake sa su zuba su girgiza. Robar kuma siririya ce, irin wadda rana ke cinyewa, kalarta ta riga ta koɗe, kuma duk wanda ya san bokitan roba da ake bari a tsakar gida ya san daga koɗewa sai tsagewa. Na sa doka in an gama a kife ta a inuwa. Ban ga alamar za ta yi shekaru ba dai, ta ƙarfe ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai ita kuma ga nauyi ga tsatsa ga kaifin baki da zai iya yankar yaro.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, yara ba sa ɗiban ruwan da kansu daga rijiya ko duro. Ni ko babban yayansu muke zuba musu a ƙaramin baho a gefe, in an gama a juye ragowar a kife bahon, saboda yaro mai rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi halaka, Allah Ya kiyaye. Sannan ruwan wanki mai omo ko bilic ba ya zuwa kan shuka, ballantana wadda za mu ci ganyenta.

Wata maƙociyata da ta gani cewa ta yi "Maman yara, ai wannan ɓata kuɗi ne, gorar ruwa za ki huda murfinta shi kenan." Kuma gaskiyarta, gorar lita ɗaya da rabi in aka huda murfin da allura mai zafi tana yin yayyafin nan daidai, kyauta, in ta lalace a sake wata. Wadda ba ta da hali ta yi hakan, babu abin da shuka za ta rasa. Bambancin da na gani a wajen yaran ne, butar nan suna jin tasu ce, kayan aikinsu ne ba tsohuwar gora ba, har rigima suke a kan wa zai riƙe, sai da na raba musu shukokin kowa da nasa, mai gwaba daban mai tumatir daban, Auta kuma na'a-na'a, wadda yanzu in za a sa a shayin babansu sai an nemi izininta. Ranar da aka yi kwaɗon zogale kuwa mai zogalen bai bar kowa ya ci cikin kwanciyar hankali ba, duk loma sai ya tuna mana waye ya ba shi ruwa.

In za ki saya, ki tsaya a lita 2 ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 7, manya kaɗan za su iya da mai lita 5. Ki ɗaga ta sama ki duba ta a hasken rana, in haske na ratsa robar sosai to siririya ce, ki duba layin da aka haɗa ta a gindi da wajen mariƙi dan ta nan suke fara yoyo, in mai shagon zai yarda ma a zuba ruwa a gwada a gabanki. Ki nemi wadda kanta ake murɗawa in akwai, in babu ki roƙi mai kayan ya haɗa miki da kai guda na ajiya. Kuma in yaranki biyu ne kusa da juna ki sayi biyu kala ɗaya, kar ki kuskura ki ɗauko ja da shuɗiya.