Gwajin jinin ciwon mantuwa na Alzheimer da aka yi ma Malam, ga yadda na gan shi

In za a tambaye ni ko gwajin nan ya ci kuɗinshi zan ce e, amma ba ta inda yaranmu suka zata ba. Su a tunaninsu da zarar an gano ciwon shikenan sai a sayo magani Malam ya koma yadda yake, to abin ba haka yake ba kuma gara mutum ya sani tun kafin ya fidda kuɗi.

Maigidana tsohon malamin makaranta ne a nan Katsina, mutum ne mai lissafi da tsari, sai ga shi ya fara tambayar abu ɗaya a maimaice, ya ci tuwo ya wanke hannu ya ce har yanzu ba a ba shi abinci ba, ya tada sallah ya rasa raka'a ta nawa yake. Dangi kowa da tashi fassarar, wasu tsufa, wasu iska, wata ma ta ce sammu ne kuma kowa ya gane wa take nufi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kashe kuɗi ba kaɗan ba.

Likitan ƙwaƙwalwar da muka gani a Kano bai fara da gwajin mai tsada ba, kuma nan ne na yaba mashi. Ya ce a duba sikari, ƙoda, sinadarin B12 da ƙwayar maƙoshi da ake kira thyroid, saboda ƙarancin B12 ko matsalar maƙoshi su ma suna kawo mantuwa kuma waɗannan ana warkewa. Ya yi mashi tambayoyi, ya ce ya zana agogo ya sa hannun a kan ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Wallahi ina zaune ina kallo, mutumin da ya koyar da lissafi shekara da shekaru ya tara lambobin duka a gefe guda, sannan ya ɗago ya ce min "Hajiya biron nan ne ba shi da kyau". Sai bayan hoton kai aka zo maganar jini.

Yadda aka yi mana bayani, gwajin yana auna wani furotin ne da ake kira p-tau217, wani lokaci a haɗa da amiloyid, wanda shi ne ke taruwa ya daskare a ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo. A da sai an ɗebi ruwan ƙashin baya ko a yi wani hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET kafin a tabbatar, yanzu kuma ana iya farawa da jinin hannu. A Amurka ma sai a watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta amince da na farko, mai suna Lumipulse, kuma na masu shekara 55 zuwa sama ne da alamun suka riga suka bayyana. Ina nanata wannan saboda wata ƙawata lafiyarta ƙalau ta ce ita ma za ta je ta yi don ta san gaba, na ce mata ba don irinki aka yi shi ba. Ciwon ƙoda ma yana iya rikita sakamakon, kuma akwai wanda nashi ke fitowa tsaka-tsaki, ba e ba a'a.

Ɗibar jinin kanta ba wahala, da sauƙi ƙwarai ga mutumin da ba ya jure zaman jira. Inda raina ya ɓaci shi ne wurin da suka ɗiba, sun ce waje ake turawa a cikin sanyi, muka yarda, amma ranar da suka sa mana ta wuce babu ko kira, sai mu ke bin su a waya. Da takardar ta fito kuma Turanci ne zalla da lambobi, babu wanda ya zauna ya fassara mana, sai da muka koma wurin likita. Kuɗin ma da nauyi, da ba don yaran sun haɗa ba ni ba zan iya ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saida gona saboda shi ba.

Sakamakon ya nuna ciwon ne. An ɗora shi kan donepezil, farko ya sa shi tashin zuciya da munanan mafarkai sai likita ya maida shan da safe. Yana ɗan taimakawa amma ba ya tsaida ciwon. Sababbin alluran da ake ta labari, lecanemab da donanemab, na masu matakin farko ne, kuma rage gudun ciwon suke yi ba warkarwa ba.

Amfanin da na gani da idona a gida yake. Maganar sammu ta mutu tunda babban yayanshi ya ji daga bakin likita. Yaran sun daina yi mashi gyara in ya yi kuskure, in ya ce zai je gaida Inna, wadda ta rasu tun tuni, ba ma ce mashi ta rasu, don kullum kamar yau ya fara jin mutuwar, sai in ce Malam bari a sha shayi tukuna. Daga la'asar zuwa magariba ne ya fi rikicewa yana neman hanyar tsohon gidansu na wajen Ƙofar Soro, shi ya sa muka ƙara sakata a sama, muka sa takarda mai lambar waya a aljihun kowace riga, liman da masu shagon layinmu duk mun gaya masu. Maganar banki da fansho ma an daidaita tun yana iya sa hannu, wanda da mun tsaya jiran ya warke da ba a yi ba.

Yanzu mun raba kwana ni da 'yarmu ta biyu, don wanka da canjin kaya da farkawar dare ba aikin mutum ɗaya ba ne, ni kaina hawan jinina ya tashi kafin a yi wannan tsarin. Wata mai zuwa za mu koma Kano, likita ya ce zai duba ko lokacin ƙara mashi wani maganin mai suna memantine ya yi.