Yaron da ya haɗa min shafin bayanai a websait, ga yadda muka kwashe

Salamu alaikum ƴan uwa masu ɗinki da masu ƙananan shaguna da kuke ta tambayata wa ya gyara min websait, yau dai ga bayani, amma ba zan sa sunansa ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa shi.

Shagona na nan Aboabo a Kumasi, shadda, leshi, atamfa, abaya duk muna ɗinkawa. Websait ɗin tun bara nake da shi a WordPress amma hotuna ne kawai da lambar waya. Abinda ya ishe ni tambaya ce. Rabin kwastomomina ba a gari suke ba, wasu Nima da Madina, wasu Tamale, sai ƴan uwanmu na Bronx da azumi na kamawa za su fara turo voyis ƙarfe biyun dare don su can ba a daɗe da yin isha'i ba. Yadi nawa zai ishe ni, yaya zan auna kafaɗa, wace lamba zan tura kuɗi, kullum abu ɗaya har bakina ya gaji. Shine ɗiyata ta ce akwai wani yaro a Asawase da zai iya ƙara mana shafi guda a zuba duk amsoshin, kowa ya tambaya a tura masa link. Muka yi ciniki sidi 900, rabi kafin aiki.

Na farkon da ya kawo wallahi dariya ya ba ni. Ya sa masa suna wai Risosis, ya cika shi da turanci mai tsawo da link na wasu shafukan turawa masu maganar kayan sanyi da kwat. Na ce ɗana, wa ka gani a zango yana neman kwat? Ya ce Hajiya ai haka ake yi. Ban yi musu da shi ba, wayata na miƙa masa na ce zauna a bencin nan ka bi WhatsApp ɗina na wata uku ka ƙirga min abinda mutane ke tambaya. Ya zauna tun bayan azahar har aka kira la'asar, kokon da aka sayo masa ma sai da ya huce, ya tashi da tambaya bakwai a takarda. A nan na san yaron na da kai, don bai yi fushi ba, ya share wancan gaba ɗaya muka sa wa sabon suna Karanta Kafin Ka Yi Oda.

Sashen awo shi ne ya biya ni kuɗina. Ya ɗauki ƙananan bidiyo, kowanne bai kai minti ɗaya ba, yarinyar shagona na auna ƴar uwarta, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawon riga, ana ganin inda tef ɗin ke farawa da inda yatsa ke tsayawa. Kuma ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa mu da inci muke aiki, tef fuska biyu gare shi, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai wata baiwar Allah a Jamus da ta taɓa turo min ƙirji 96, yarinyata ta tsaya riƙe da almakashi tana kallona, ashe santimita ne, wajen inci 38 kenan. Yanzu akwai jadawalin inci da santimita a shafin da mutum zai duba da kansa.

Ni na matsa masa ya sa murya da Hausa a ƙarƙashin kowane sashe, da kaina na yi magana aka ɗauka, saboda iyayenmu da yawa karatun boko bai dame su ba amma danna voyis kam sun iya. Sashen MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ma ya yi kyau, daga *170# har zuwa sunan da zai fito kafin ka sa PIN, da gargaɗin cewa ba za mu taɓa kiran kowa mu ce ya faɗi PIN ɗinsa ba. Sauran kuwa gajeru ne, wankin shadda da ruwan sanyi a shanya a inuwa a kai wa masu bugu, adireshin GhanaPost GPS da taswirar Google, da yadda muke sa kaya a motar VIP a Asafo in na Accra ne.

To ga inda ya ɓata min rai. Takardar awo ta PDF da ya ajiye a Google Drive ya manta bai buɗe ta ga kowa ba, sati biyu mutane na dannawa ana ce musu su nemi izini, ni ban sani ba sai da wata ta kira ni tana faɗa. Hotunan ma bai rage musu nauyi ba, a waifai ɗinsa shafin na buɗewa fes, a wayar mai bandul ɗin sidi biyar kuwa sai juyawa yake kamar fanka. Na kira shi kwana huɗu bai ɗauka ba, da ya zo wai wuta aka ɗauke musu laptop ta mutu. Kwana huɗu fa. Ya gyara a awa ɗaya bai karɓi ko pesewa ba, wannan kam na yaba, kuma ya ba mu duk fasawod ya koya wa ɗiyata yadda za ta canza farashi da kanta. Amma bai faɗa min tun farko cewa sunan websait da hostin, wato wurin da ake ajiye shi a intanet, kowace shekara ake sabunta su ba, sai a saƙo na gani.

In maki ne bakwai cikin goma zan ba shi. Wanda zai ɗauke shi ya riƙe cikon kuɗin sai ya gwada kowane link a ƙaramar waya da data, ba a laptop ɗinsa ba. Voyis ɗin dare ya ragu sosai, sai dai wata Hajiya ta a Bronx da har yanzu in na tura mata link ɗin sai ta kira ta ce ta gani, amma dai in sake faɗa mata da bakina.